Fentin da Ya Ƙi Bushewa

"Kankare shi, 'yar nan. Bai kama ba."

Odile ta ajiye burushi, ta juyo ta harari tsohon. Baba Armel, maƙwabcinta, yana zaune a kujerar roba bakin ƙofar motar, lulluɓe da bargo, robar numfashi a hanci, amma bakin nan nasa lafiya lau. Wai ba ta bi kabad da samfefa sosai ba, fentin ɓarewa zai yi.

Motar irin mai gado da kicin a ciki ce. Da ita yake kai matarsa Soizic bakin teku duk watan Agusta, kuma da ta rasu aka ƙone gawarta, a tekun nan aka watsa tokar. Likita bai ɓoye wa Odile ba: in za a kai shi tekun, a kai shi yanzu. Ta ɗauki hutu, ta cika tanki, har burodi da cuku ta saya. Shi kuwa gogan ya kafe, motar ba za ta motsa ba sai cikinta ya koma ruwan ƙwai.

Ga yayyafin yankinsu na Bretagne, ba ya zuba ba ya ɗaukewa. Fenti ya ƙi bushewa. Kullum da safe sai ta tallafa masa ya hau, ya danna babban yatsa a bango, ya duba, ya girgiza kai. Ita kuma ta bi ta shafe gurbin yatsan, takaici kamar ya kashe ta.

Ran nan haƙurinta ya ƙare. "Baba, ina ruwan teku da launin kabad? Don Allah mu tafi a haka."

"Tun muna da ƙarfinmu take roƙona in mai da shi ruwan ƙwai, ina ce mata baɗi," ya ce yana haki. "Da wane ido zan je mata da launin ƙasa?"

Haushin dai bai tafi ba. Ta aro hita mai ɗumama ɗaki ta kunna a ciki, fenti ya yi ƙuraje, aka koma samfefa. Burodin ya bushe, ta ba kaji.

Ranar da gari ya washe ita ce ranar da motar asibiti ta zo ta ɗauke shi. Bai dawo ba. Odile ta yi kuka, rabi na rashi, rabi na haushin taurin kansa.

Da 'yarsa ta kawo mata tokar gawarsa, ta roƙe ta ta kai shi wurin Soizic, Odile ta shiga motar da burushi don ta ƙarasa. Ko'ina ya bushe ƙayau. Saman wurin wanke-wanke ga gurbin yatsansa na ƙarshe, zanen fatar ya fito raɗau.

Ta daɗe tana kallo. Sai ta mai da murfin gwangwanin fentin, ta ɗaura wa tulun tokar bel a kujerar gaba, ta tayar da mota.