Jini a Farin Ulu

A layi na goma sha biyu na saƙarta Ramatu ta ga jinin. Ɗigo uku a jikin farin ulu, ko bushewa ba su yi ba. Ta duba 'yarta Mairam da ke barci a tabarma, babu rauni. Ta shafa hancinta, babu komai. Sai da ta juya hannunta na dama ta ga tsinken saƙar ya huda mata yatsa, ya shige har ya tsaya da kansa. Wayar ƙafar keke ce da maƙerin Auyo ya wasa mata. Ta zare shi a hankali. Ba ta ji shigarsa ba, ba ta ji fitarsa ba.

Ta jawo adudunta ta zazzage a kan gado. Shekara uku ke nan tun da wata Baturiyar asibiti ta koya wa matan Haɗeja saƙa, ita kuma ba ta taɓa yar da abin da ta saƙa ba. Ta shiga jera su. Ga hular farko, wadda mijinta Bakari ya ce sai dai a sa wa kabewa. Ga safa, ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ga suwaitar bara, ja da baƙi, da ulun da aka sayo mata a kantin Malam Madori. Madaukanta sun jeru kamar shukar shinkafa, har matan unguwa suka riƙa aro suna kallo. Ranar da ta gama ta, sai da ta zagaya tsakar gida sau biyu da ita a hannu.

Sai kuma hular Mairam ta farkon damina. Nan ya saki, can ya tsuke, ga rami inda madauki ya zame ba ta sani ba. A lokacin ta ce ulun ne ba shi da kyau. Rigar da ke hannunta yanzu ta fi hular lalacewa.

Ta ɗaga hannun rigarta. Tabon nan na damtsenta yana nan, fari-fari, ya kai faɗin bakin ludayi. Ta mintsine shi da ƙarfi. Kamar ta mintsini jikin wani.

"Salamu alaikum. Yau kuma kasuwa aka buɗe a ɗaka?"

Yayarta Hajo ce, da ƙwaryar nono a kai. Ta ɗauki hular farko tana dariya. "Har yanzu wannan tukunyar tana nan? Ki ba ni in riƙa rufe fura."

Ramatu ba ta yi dariya ba. Ta miƙa mata tsinken. "Adda, soka mini nan."

"Kin haukace?"

"Soka dai."

Hajo ta ɗan taɓa. Ta ƙara dannawa. Ta dubi fuskar ƙanwarta, ta ga ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ta ajiye tsinken, ta je ta saki labulen ƙofa.

Babu wadda ta kama sunan kuturta. Dukansu suna tuna Goggo Uwa, ƙanwar babansu. Bukka aka yi mata a bayan gari, aka ware mata ƙwarya da ludayi, aka cire mata ɗa daga nono tun bai yi haƙori ba. Har ta rasu daga nesa take hango shi.

"Idan Iya ta ji," in ji Ramatu, tana nufin uwar mijinta, "yau za a yaye yarinyar nan. Gobe tana ruga, a Kirikasamma." 'Yar fari ce, don haka bakinta bai saba kiran sunanta ba.

"To wa zai gaya mata? Zan kwaɓa miki lalle, mu rufe hannun har gwiwa. Ki tattara tsinkayen nan ki ɓoye."

"Lallen zai dawo mini da yatsa?"

Mairam ta farka, ta rarrafo tana neman nono. Ramatu ta miƙa hannu, sai ta tsaya da shi a sama. Yarinyar ta fashe da kuka. Hajo ce ta ɗauke ta ta ɗora mata a cinya.

"Ba ta. Jiya ma ai ta sha."

Da hantsi washegari suka ce wa Iya tari ne ya dami yarinya, za su kai ta Haɗeja. Bakari yana wajen shanu. Ruwa ya shanye hanya, sai kwale-kwale, ta cikin gonakin shinkafa da ciyawar kacala. Ramatu ta zura hannu biyu a ruwa. Na hagu ya ji sanyi. Yatsu biyu na dama ba su ji komai ba. Ta cire hannun ta ɓoye cikin mayafi kafin mai tuƙi ya waiwayo.

Malamin asibitin, Malam Fannami, Babarbare ne mai furfura. Ya dubi tabon a hasken taga, ya matsa gwiwar hannunta, ya tsinko auduga kaɗan.

"Rufe ido. Duk inda kika ji na taɓa, ki nuna."

Ta ji a wuya, ta nuna. Ta ji a hannun hagu, ta nuna. Sai shiru. Tana jin kukan akuya a waje, tana jin numfashin Hajo.

"Malam, ina jira."

"Sau huɗu na taɓa," in ji shi. "Buɗe idonki."

Ta zauna a benci. "Ina za ku kai ni?"

"Gidanki. Da ne ake kwashe mutane. Yanzu ƙwaya ce aka kawo, kowace Talata ki zo nan ki haɗiya. Shekaru za ki yi kina sha, kada ki ce na ɓoye miki. Amma kin zo da wuri, yatsunki duka goma suna nan. Wa ya lura?"

"Saƙata ce ta lalace."

"To ki yi mata godiya. Ki nemi tsinken itace mai dakusasshen baki, ki riƙa duba hannun safe da yamma."

"Yarinyar fa?"

Ya tuɓe Mairam, ya juya ta gaba da baya, har tsakanin yatsun ƙafa. Ramatu ta kasa kallo.

"Fes take. Ki ci gaba da ba ta nono, ni ba zan raba ku ba. Amma mace ba ta zuwa Haɗeja kowace Talata a ɓoye. Mai gidanki sai ya sani."

La'asar sakaliya suka iso mashigin Auyo. Bakari yana tsaye a bakin ruwa da sandarsa.

"Iya ta ce tari," ya ce. "Ni kuwa ban ji yarinyar nan ta yi tari ba."

Hajo ta buɗe baki, Ramatu ta riga ta. Ta faɗa masa duka, idonta a ƙasa, har da sunan ciwon. Sannan ya jingine sandar.

"Kwanto ta."

Ta kwance zanin goyon. Ya karɓi Mairam. Ramatu ta ji bayanta ya yi sanyi, ta dubi hanyar da ta yi gabas, ta Kirikasamma. Ya ɗaga rigar yarinyar ya duba ciki, ya duba baya, ya duba tafin ƙafa.

"Shi malamin da bakinsa ya ce ba ta da komai?"

"Da bakinsa," in ji Hajo.

"Ya ce a raba su?"

"Ya ce kada a raba."

Bakari ya goge wa yarinyar hanci da gefen rigarsa. "Iya za ta yi faɗa. Ƙila ta ware miki ƙwarya, wannan ba zan iya hana ta ba. Ku bar ni da Iya." Ya dubi Ramatu. "Juya."

Ta juya, ta sunkuya. Ya ɗora mata Mairam a baya, ya riƙe ta har ta gama ɗaure zanin.

"Wace rana ce ma?" in ji shi.

"Talata."

Ya ɗauki sandarsa ya nufi mai kwale-kwale, wanda ke ƙoƙarin turawa. "Isa, dakata. Kowace Talata da sassafe ka tsaya mana a nan."