Rigunan Sanyin Shalele

Ni dai tun da aka ce za a buɗe makarantu hankalina ya tashi. Wata bakwai muna kulle saboda annobar da ta shigo gari, ni da jikana Shalele, ɗaki ɗaya da ɗan baranda, ko bakin titi ba ya leƙawa. Uwarsa wanki take yi a babban asibiti, zannuwan gadon masu cutar nan take wankewa, don haka can aka ba su wurin kwana, sai dai mu ji muryarta a waya. Shekarar yaron shida, bana zai shiga aji ɗaya.

Ana sauran mako guda uwar ta ja min kunne.

"Inna, ki kai shi da wuri ranar Litinin. Kujera ashirin kaɗai aka bari a aji saboda tazara. Wanda bai samu ba, ta waya za a riƙa turo masa darasi."

"Wace wayar? Wannan tawa mai madannai da ko hoto ba ta nunawa? Ni da ko sunana aka rubuta sai in zaci tururuwa ce ta bi ta kan takarda?"

"Shi ya sa nake gaya miki. An riga an rubuta sunansa, kai shi kawai za ki yi."

Ranar Litinin da sassafe na tashe shi. Abin da na ji game da cutar nan shi ne ƙirji take kamawa, ni kuwa yara bakwai na goya, na san iska ce ke buɗe wa ciwo ƙofa. Na mulke shi da man zafi gaba da baya. Na sa masa singileti, na sa rigar makaranta, na ɗora rigar sanyi, na duba na ga kamar ba ta isa ba na ƙara wata. Hular ulu har kunne, safa biyu. Na dafa shayi da citta na tsaya a kansa sai da ya shanye, sannan na ɗaura masa takunkumi.

"Kaka, ba na iya sauke hannuna."

"Ina za ka da hannu? Ƙafa ce ke tafiya, maigida. Mu je."

Tafiyar rabin awa ce, rana kuma ta fito da wuri. A ƙofar makaranta an zana da'irori da farin fenti, kowa na tsaye cikin tasa kamar an dasa mu. Mai gadi na riƙe da abin gwajin zafi mai kama da ƙaramar bindiga, yana saita goshin yara ɗaya bayan ɗaya. In ya nuna kore, a shiga. Da aka zo kanmu ya ɗan tura hular baya, ya danna. Abin ya yi ƙara, ya nuna ja.

"Iya, ku koma gefe. Jikinsa da zafi. Bayan minti goma zan sake gwadawa."

Gefen nan ko inuwar sanda babu. Zazzaɓi ke nan, na ce a raina, zazzaɓi kuwa rufa yake so. Na cire mayafina na ƙara naɗe shi, na manna shi a jikina ina tofa masa addu'a. Da mai gadi ya sake gwadawa, sai da ya ja baya taku biyu. Matan da ke layi kowacce ta janye ɗanta.

Ta bayan gilashin taga shugabar makaranta ta yi min magana, bakinta a rufe, sai idanu. Yaron da aka samu da zafi zai zauna gida kwana goma sha huɗu, in ba an kawo takardar gwaji daga asibiti ba.

"To Malama, kujerarsa fa?"

"Duk kujerar da ta kai Juma'a babu kowa a kai, ta wani ce. Yara talatin da ɗaya ke jira, Iya."

Ranar Talata na wuni ina danna shi cikin bargo yana zamewa. Marar lafiyar da ya cinye abincinsa ya haɗa da nawa, ya hau gado yana tsalle! Duk da haka ranar Laraba na sake naɗe shi muka tafi ƙaramin asibitin unguwa. Awa uku muna layi. Nas ɗin wata siririyar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar autata ba. Ta dubi Shalele, ta dube ni.

"Iya, akwai yaro cikin kayan nan kuwa?"

Ta riƙa ɓare shi kamar albasa. Ta zaunar da shi ƙarƙashin fanka, ta ba shi ruwa, can ta gwada.

"Lafiyarsa lau. Haka kika kai shi makarantar?"

"Har da mayafina."

Ta buɗe baki za ta yi dariya, da ta ga fuskata sai ta haɗiye. Ni kuwa na nemi benci na zauna. Ashe ni ce zazzaɓin.

"To 'yata, rubuta min takardar in kai musu."

"Takardar gwaji suke so, Iya. Kayan gwajin kuma sun yi ƙaranci, sai mai tari ko zazzaɓi ake yi wa. Shi ba shi da ko ɗaya."

"Can sun ce ba shi da lafiya, nan kun ce lafiyarsa ta yi yawa. Ina zan kai shi?"

Ta sunkuyar da kai tana ninke rigunan sanyin, ta miƙo min.

Da yamma na kira uwarsa na faɗa mata komai, ban rage ba. Na ce ko za ta roƙi wani likita a wurinsu.

"Inna, ni mai wanki ce. Ko ƙofar ofishinsu ba a bari mu bi." Can ta ce, "Ya ci abinci?"

Da ma faɗa ta yi min, da ya fi min sauƙi.

Ranar Alhamis na kai shi daga shi sai rigar makaranta. Mai gadi ya gwada, kore. Ya sake gwadawa don kansa, kore.

"Ka gani da idonka, ɗan nan. Buɗe masa."

"Wallahi Iya na gani. Amma sunansa na cikin takardar waɗanda aka hana shiga da aka ba ni. In na bar shi ya wuce, ni zan fita."

Shugabar ma ta fito har bakin ƙofa. Na ba ta labarin shayi da hula da mayafi, ban ji kunyar kowa ba. Ta ce ta yarda da ni ɗari bisa ɗari, sai dai tun ranar Litinin aka tura sunayen can sama, ba a hannunta abin yake ba. Ta rubuta min wata lamba. Maƙwabcina tela ya kira min ita sau tara, ba a ɗauka ba.

Ranar Juma'a ban yi niyyar fita ba. Ina fitowa daga wanka na tarar ya sa rigarsa da kansa, maɓallan a karkace, ya rataya jaka. Na ɗauki mayafi.

Ba mu shiga layi ba. Muka zaga ta bayan shingen waya inda ake hango tagar aji ɗaya. Teburan a warwatse, kowanne da yaro guda, ban da na ƙarshe kusa da bango. Muna tsaye malamar ajin ta shigo da wata yarinya mai jar jaka, ta nuna mata teburin daga nesa. Yarinyar ta zauna, ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa.

Shalele ya saƙala yatsunsa cikin wayar yana ƙirga kawuna. A sha uku ya ɓace, ya koma farko. Sau biyu yana yi, a na uku ya kai ƙarshe.

"Ashirin, Kaka. Na iya."

"Ka iya, maigida."

"Gobe za mu dawo?"

"Gobe Asabar," na ce.