Ƙirjin Kumandan

Ina da wani hali da ba na alfahari da shi. Idan aka yi sallama a ƙofar gidana, nakan yi tsit in ga ko mai sallamar zai gaji ya tafi. Yawanci suna tafiya. Tun da matata Hauwa ta rasu, 'yarmu Zakiyya kuma ta bi mijinta Yamai, na ƙware a wannan shirun fiye da dukancin da na gada.

Aku ne ya ɓata mini tsari. Alhaji Mai Nasara, wani ɗan kasuwa da nake ɗinka wa takalma, shi ya zo da shi daga Dubai don ya burge iyalinsa. Ba irin akun da muka sani ba ne mai ruwan toka da jar wutsiya. Wannan fari ne tas, da zanko rawaya da ke miƙewa idan ransa ya ɓaci, kuma ransa ba ya wuyar ɓaci. Akun kuwa ya burge iyalin, har zuwa lokacin da ya buɗe baki. Sai ga Alhaji a zaurena cikin Birni, riƙe da keji.

"Malam Inusa, riƙe mini shi kafin Hajiya ta huce."

Hajiya ba ta huce ba har yau.

Maƙwabcina Mala tela ne ya raɗa masa suna. Ya leƙo, akun ya miƙe zanko ya kwarara masa ihu.

"Farin kaya, tsawa, kuma ba wanda ya san abin da yake so," in ji Mala. "Ai wannan Kumandan ne, irin na zamanin mulkin Turawa. Gwauro ya samu mai gida."

Kalma ɗaya Kumandan ya zo da ita daga gidan Alhaji. Da an yi sallama sai ya ce, "Shigo!" da muryar Hajiya. Mutane kuwa suka riƙa shigowa, suna tarar da ni tsaye bayan ƙofa da takalmi a hannu kamar ɓarawo a gidan kaina. Na yi niyyar mayar da shi. Ina ta niyyar har na wayi gari ina ɓare masa gyaɗa.

Idan ina aiki yakan sauko kan gwiwata ya tattauna guntayen fata, ya lalata mini basilla, sannan ya sunkuyar da kai in sosa masa ƙeya. Na koma ɗora tukunya da rana, don cin abinci a gaban wani ya fi cinsa a gaban bango, ko da wanin nan zai watsa maka shinkafa a riga. Nakan ba shi labarin ciniki, da na Hauwa. Bai taɓa ce mini in yi haƙuri ba, abin da ya sa na fi son hira da shi ke nan.

Da zafi ya shigo sai na fara ganin farin gashi a ƙasan keji. Na zaci sauyin gashi ne, sai da na kama shi yana fige ƙirjinsa da bakinsa, a natse, kamar mai tsince wake. Kafin damina ta sauka ƙirjin ya koma tsirara, fata ja har da jini. Ya zama kamar kazar da aka fara gyarawa aka fasa.

Na ɗauki hotonsa a salula na aika wa Zakiyya. Ta kira ni da la'asar.

"Baba, na bincika. Irinsu a can ƙasarsu, wajen Ostareliya, garke suke yi, ɗaruruwa. An ce idan kaɗaici ya dame su sai su riƙa fige kansu, wasu har su mutu."

"To ai ba shi kaɗai ba ne. Ina nan."

Ta yi mini sallama irin ta 'ya mai ladabi, ta kashe waya.

Ta turo mini bidiyo. Wata bishiya ce ta yi fari fat da su kamar an shanya wankin unguwa, suna ihu, suna lilo da ƙafa ɗaya, can suka tashi gaba ɗaya suka sauka cikin wata gona. Na nuna wa Kumandan. Ya karkata kai ya kalla da ido guda, sannan ya ciji salular.

Na yi abin da zan iya. Na kunna masa rediyo, na rataya masa madubi, ya fasa. Ni da na yi shekaru ina guje wa majalisar ƙofar Mala, na riƙa ɗaukar keji in je in zauna, ana shayi ana yi mini dariya.

"Kai ne ka kawo shi hira, ko shi ya kawo ka?" in ji Mala.

Figar ba ta tsaya ba. Kowace safiya in share gashi, in dubi gidan nan: ɗakuna biyu a rufe, turmi a kife, igiyar shanya da riga ɗaya. Na ce lallai tsuntsun nan ya fi ni gaskiya. Gidan da ni na saba da shi, shi kuwa kashe shi yake yi.

Yayata Fatsuma tana aure a ƙauyen Gouna, gidan manoma, mutum kan mutum, ga kaji ga awaki, ba a jin maganar juna sai an ɗaga murya. Na lulluɓe kejin da zanen Hauwa, na hau babur ɗin kabu-kabu na rungume shi har can. Duk ramin da muka faɗa sai ya ce, "Shigo!"

"Kyauta ko ajiya?" Yaya ta tambaya.

"Kyauta," na ce, don na san kaina. In na ce ajiya, jibi zan dawo.

Ban tsaya cin tuwo ba. Na koma Birni, na cire ƙusar da nake rataya kejin, sai kuma na rasa inda zan ajiye ta, na mayar da ita ramin. Tukunya ta koma kan shirayi. Na ci gaba da sayen gyaɗa, ban san don wa ba.

Sai da aka yanke gero na iya komawa. Na tarar da shi a kan bakin rumbu, ba keji ba igiya, ƙirji cike da gashi sabo, fari har yana ɗaukar ido. Matan gida na sussuka yana yi musu tsawa. Na miƙa hannu na kira shi. Ya dube ni da ido guda, irin kallon da ake yi wa mai karanta mitar wutar lantarki, ya tashi ya sauka a kafaɗar surukar Yaya.

Na zauna a tabarma aka kawo fura. Na ga ya kamata in faɗi wani abu mai nauyi, tun da ni na yi hasarar.

"Kin gani, Yaya. Rai ba ya zama shi kaɗai. Jama'a ce maganinsa."

"Wace jama'a?" Ba ta ko ɗago daga ƙwaryar da take damu ba. "Kai dai Inusa har ka yi furfura ba ka iya ɗaga fiffike ka duba ba. Ranar da ka kawo shi muna barbaɗa wa kaji hodar magani, muka haɗa da shi. Ƙwarƙwata ce."