Rufin Madubai a Madinat Nasr

Tun da Haisam ya jingine karatu, ɗaliban da suka zo Alƙahira tare suka rage kiransa. Ukasha kaɗai ya rage, ɗan unguwarsu a Gusau, shi ma ya kammala, yana shirin komawa gida. Abin da Haisam ke so bai da yawa: Ukasha ya ga aikinsa da ido, ya je ya gaya wa Inna cewa ɗanta ba gantali yake yi a Masar ba.

Aikin rufin wani zauren biki ne a unguwar Madinat Nasr. Mai zauren ya kawo hotunan fadar sarakunan Mughal ta Lahore, wani ɗaki da aka manne bango da rufinsa da ƙananan madubai, ya ce irinsa yake so. Haisam ya jera madubansa a shimfiɗe, kamar tayil ɗin bayi, yana jin ya burge. Da Usta Tarig, Bahaushen Sudan da ke koya masa sana'ar, ya rufe tagogi ya kunna kyandir, sai wuta ɗaya tak ta fito. Usta ya yi dariya har da tari. Ya ce maginan can madubai masu ɗan doro suke dasawa a cikin farar ƙasa, kowanne da inda ya fuskanta, shi ya sa fitila guda take cika ɗaki da taurari.

Haisam ya ɓamɓare komai ya sake. Wuyansa ya sage don kallon sama. Zaman shayin da ɗalibai ke yi a unguwar Hayyin Ashir ranar Juma'a ma ya daina zuwa.

Ranar da ya gama, ana jibi Ukasha zai tafi, ya share zauren ya jira zuwansa bayan la'asar. Sai waya. Ukasha ne, yana kasuwar Ataba wajen sayen tsaraba, cunkoso ya riƙe shi, ga sallama da malamai.

"Ma'alish, yi haƙuri ɗan'uwa. Ɗauko min a waya in nuna wa Inna."

Haisam ya ja tagogi, ya kunna kyandir. Rufin ya kama haske gaba ɗaya, wuta na motsi a kowane lungu idan ya numfasa. Ya ɗaga waya ya ɗauka. Duhu ne ya fito, da ɗan ɗigon rawaya a tsakiya. Ya sake, haka.

Ukasha ya sake kira, yana tambayar me zai faɗa mata.

"Ka ce mata ina lafiya."

Ya zauna a kan bokitin farar ƙasa, kansa a sama, har kyandir ɗin ya fara ɗiga masa a yatsa.