Garwashin da Zalika Ta Kai

'Yan kwana-kwana suna ta ɓalle tagogin hawa na huɗu lokacin da aka fito da Baba Rwang. Zalika tana tsaye a ƙofarta da zane da silifas, iska na watso mata dusar ƙanƙara a ƙafa, amma ba ta ji sanyi ba. Ba ta ji komai ba ma. Ta dai ga an lulluɓe shi har kai, mutum huɗu suna fama da shi a matakala.

Shekara shida ƙofarta na kallon tasa a wannan bene na unguwar Tremont, can ƙasar Turawa. Shi Kirista ne daga Jos, tsohon direban bas da ciwon gwiwa ya zaunar. Ita Musulma daga Maraɗi. Hausa ce ta haɗa su, tun ranar da ya ji ta tana zagin akwati a matakala ya tsaya yana dariya.

Jiya Lahadi da safe rediyo ya ce dusar za ta rufe ko'ina, daga kan duwatsu har filayen bakin teku, irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Baba Rwang ya leƙo yana tsokanarta.

"Ku mutanen fili za ku sha wuya, 'yata. Ni a kan dutse aka haife ni. A garinmu ruwan randa ma cizo yake yi."

Wannan cika bakin kowa a benen ya haddace shi. Da azahar injin ɗumama gidan ya mutu. Da la'asar Zalika ta tarar da mutumin dutse cikin kwat biyu da hular ulu, haƙoransa suna karo da juna. Matarsa, Mama Filomina, nas ce, ta tafi asibiti tun asuba, hanya kuma ta rufe a bayanta.

Zalika ta yi abin da duk 'yar da aka yi wa tarbiyya za ta yi. Ta hura gawayin da take turaren wuta da shi, ta cika kasko, ta kai masa. A Maraɗi haka ake yi wa tsoho idan sanyi ya sauko. Ya ce a Jos ma haka ne. Sai dai ɗakunan can iska na shiga ta ƙasan rufi ta fita, shi kuwa tun watan Nuwamba aka liƙe tagoginsa da leda da salatef. Ko ɗaya cikinsu bai kawo wannan a ransa ba.

Kwabena, mai kula da benen, shi ya buɗe ƙofar da safe, bayan Mama Filomina ta yi ta buga waya ba a ɗauka.

"Hayaƙin gawayi ne," ya gaya wa maƙwabta. "Wanda ba a gani, ba a jin wari. Sun ce barci kawai ya yi. Ina ya samo gawayi, ni dai ban sani ba."

Souley, mijin Zalika, ya ja ta ciki ya rufe ƙofa.

"Ki kama bakinki, kin jiya? Polis sun rubuta aksidan, wato tsautsayi, magana ta ƙare. Ba mu da takardu, Zalika. In kin yi magana, jirgi za su sa mu, su mayar da mu gida."

Ta gyaɗa kai. Souley ba mugu ba ne, tsoro ne, kuma tsoron nasa da hujja.

Mama Filomina ta iso da yamma, a ƙafa, dusa har gwiwa. Kwana biyu Zalika tana dafa tuwo tana kaiwa, tana wanke kofunan matan coci, tana cewa "sai haƙuri" kamar kowa. Bakinta ne ke faɗa, ita ba ta ciki. Abinci ma in ta sa a baki kamar takarda take tauna.

Ranar Laraba da hantsi masu gaisuwa ba su fara zuwa ba, Zalika ta kai shayi, ta tarar da Mama Filomina ita kaɗai a doguwar kujera, bargo a cinyarta, tana kallon ledar da aka yage daga taga.

"Ni na liƙe su," in ji ta. "Ya ce in bar masa ɗaya, na ƙi. Shekara ashirin ina aikin asibiti, Zalika. Da hannuna na rufe shi."

Zalika ta ajiye shayin. Ta tuna Souley, ta tuna jirgi, duk ta tuna. Ta durƙusa a kan kafet.

"Mama, ni na kawo masa garwashin."

A ƙasa motar share dusa tana gurnani.

"Kaskona ne. Na gan shi yana rawar sanyi. Ban sani ba, Mama, wallahi ban sani ba. In za ki gaya wa polis, ki gaya."

Mama Filomina ba ta juyo ba. Zalika ta ɗauka ba ta ji ba. Can ta yi magana, muryarta a bushe.

"Da kika kai masa, ya ji ɗumi?"

"Ya ji. Ya miƙa hannuwansa a kai. Har ya cire kwat ɗaya."

"Me ya ce?"

"Ya ce yau ya koma gida."

Tsohuwar ta gyaɗa kai a hankali, sau biyu. Ba ta yi kuka ba, Zalika ma ba ta yi ba. Mama Filomina ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce wa Zalika ta tashi ta fita ba. Ta dai matsa gefe, ba tare da ta dube ta ba, ta bar wuri a kujerar.

Zalika ta tashi ta zauna. Shayin yana hucewa a kan tebur, babu wanda ya taɓa shi. A bakin tagar da aka bari a buɗe, dusar da ta taru ta fara narkewa, tana ɗiga kan kafet ɗaya bayan ɗaya.