Ban-Ruwan Rediyo

A shekarun da ake ta maganar mulkin kai a bakin kasuwa, Gyaɗi-Gyaɗi ba ta wuce 'yan gidaje da gonaki ba, in ka miƙe gabas kaɗan sai ka faɗa Tarauni. Tsakaninsu akwai wani kwari mai damshi, a nan Maje yake da lambunsa. Dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa, jan jigo ya mayar da tafin hannunsa kamar ƙirgi. Wajen shuka kuwa Allah ya yi masa baiwa, har mutane kan ce ko taɓarya Maje ya kafa a ƙasa, ba ta kwana kaɗan za ta yi toho. Ba shi da yawan magana. In ka ji yana hira, to da albasa yake yi.

Cikin masu sayen kayan lambunsa akwai Callistus, makanikin reluwe, mutumin Gabas da ke zaune a Sabon Gari. Duk Lahadi in an tashi daga coci yakan goyo matarsa Clementina a keke su zo. Maje bai taɓa wahalar da harshensa da sunan nan ba, Kalisto yake ce masa, ita kuma ya ce mata 'yata.

Wata Lahadi da rani, lokacin da salak da karas suka yi kyau, sai ga Callistus yana turo keke da ƙafa, an ɗaure wani akwati da ƙaton batir a baya.

"Baba Maje, wuri nake roƙo," in ji shi. "Rediyo ne mai gajeren zango, yana kamo ƙasashen nesa. A Sabon Gari ɗaki ya matse, ba inda zan ja waya, sai shuuu kawai nake ji. Kai kuwa ga bishiyar ɗorawa, ga ƙasa mai ruwa."

Maje ya ce bismilla. Callistus ya hau ɗorawar ya ɗaura wata doguwar waya, ya jawo ta har bukkar lambun. Sannan ya kafa turken ƙarfe a gefen bukkar, ya haɗa shi da akwatin da wata gajerar waya.

"Wannan turken, Baba, kada ka bari gindinsa ya bushe. In ƙasa ta bushe, murya ba ta zuwa sosai."

Maje ya dubi turken, ya dubi Callistus. "Au, shi ma shan ruwa yake yi?"

"Kamar haka."

"To ai ya zo gida."

Kafin rana ta faɗi Maje ya kewaye turken da fangali, ya ja masa 'yar hanyar ruwa daga bakin rijiya, daidai yadda yake yi wa tumatur. Akwatin ya zauna a bukka an lulluɓe shi da buhu. Tsawon mako Maje ba ya taɓa shi, don kayan amana ne, nasa dai ban-ruwa. In Lahadi ta zo, bayan la'asar, Callistus ya zauna yana murɗa allurar rediyon a hankali, duniya ta riƙa shigowa lambun. Ga Larabawan Alƙahira masu jan murya har ka ji tausayin huhunsu, ga masu jita na Kwango da kan sa Clementina rawa da kafaɗa tana tsinkar alayyahu. Mutanen Tarauni da ke wucewa sukan jingina da shinge su manta da aiken da aka yi musu. Maje kan ci gaba da jan jigonsa, amma duk wanda ya lura zai ga gugar tana sauka daidai da kiɗan.

Ana nan, wata rana allurar ta faɗa tashar Ankara ta ƙasar Gwalkwas, ana shirin Hausa. Sai ga sautin garaya. Maje ya saki igiyar jigo, guga ta koma rijiya da ruwanta.

"Kalisto, tsaya nan! Kada ka motsa!"

Kiɗan yana ja sama da ƙara, ya dakata, sannan ya zubo ƙasa, sak kukan jigo in ana ɗaga guga a juye ta. Mutum ɗaya ne a duniya ya san wannan kiɗan, don a bakin wannan rijiyar ya ƙirƙiro shi: Muntaka, yayan Maje, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun suna samari mahaifinsu ya ce gidansa ba a roƙo, ya karya garayar a gwiwarsa. Muntaka ya bar gidan. Ya bi fataken goro ya yi yamma, tun daga ranar ko saƙon baki ba a samu ba. Wasu suka ce ya mutu a hanya, wasu suka ce an gan shi a Gwanja. Maje ya tsufa bai san ko ya yi wa yayansa addu'ar rayayye ko ta mamaci ba, kuma abin yana cin sa fiye da yadda kowa ya sani.

Kafin mai gabatarwa ya faɗi suna, muryar ta nutse cikin shuuu. Maje ya zauna a ƙasa, ya ba su labarin duka, abin da bai taɓa yi da kowa ba. Callistus ya ce, "Kada ka damu, Baba. Wanda suka sa sau ɗaya za su sake sawa. Mu dai mu riƙa tsare tashar."

Bazara ta shigo da zafinta, rijiya ta ja baya har guga tana kwaso laka. Masu lambu suka fara zaɓen abin da za su ceta. Maje ya bar salak ya ƙone, ya rage wa albasa rabonta, amma gugar farko ta kowace safiya ta turken ce. Maƙwabta suka samu abin yi.

"Maje, yaushe rediyon naka zai yi 'ya'ya?"

"In ya yi, ku ne farkon samun iri," yakan ce, ya ci gaba da zuba ruwansa.

Clementina ce ta lura cewa duk faɗin kwarin babu inda ya kai gindin turken nan sanyi. Ta zo da wani ƙullin tsumma, ta kwance a gaban Maje. 'Yan ƙwayoyi ne masu faɗi.

"Baba, ugu ke nan, ganyen miyarmu. Mamana ta ba ni da zan taho. Na shuka a gwangwani a Sabon Gari, duk ya mutu. Waɗannan kaɗai suka rage."

Maje ya juya ƙwayoyin a tafinsa, ya sunsuna, ya binne su a cikin fangalin da 'yar toka da takin awaki. Bai taɓa ganin shukar ba, amma hannun Maje ba ya tambayar asalin iri.

Ruwan farko na sauka, ugu ya miƙe yana laluben abin kamawa. A nan ne Maje ya yi abin da duk mai lambu zai yi. Ga shuka mai yaɗo tana neman hanya, ga waya a miƙe har kan ɗorawa ba ta aikin komai sai shan iska. Ya kama kan yaɗon ya ɗora shi a kanta, har yana jin daɗin dabararsa. Ugu kuwa abin nema ya samu. Kafin marka, ya lulluɓe wayar da ganye kore shar, mutane na tsayawa kallo. Clementina in ta zo sai ta tsaya a ƙarƙashinsa tana yi masa magana da harshensu. Ko ganye ɗaya ta ƙi tsinka, ta ce sai ya yi ɗa ta samu iri tukuna.

Sai dai yadda ganyen ke hawa, haka muryar rediyon ke sauka. Callistus ya zagi batir, ya sayo sabo. Ya zagi tsawa, ya zagi hadari. Shi idonsa kullum yana kan allura, bai ɗaga kai ba. Maje ne ya gane, don shi ya saba lura da abin da ke ƙaruwa da abin da ke raguwa. Ya gane, ya kuma yi shiru. A wajen masu lambu, shukar da aka bari don iri sunanta uwar iri, ba a sa mata ƙarfe ko da yunwa ake yi. Balle wannan da ba tasa ba, ta 'yar mutane ce da ta baro uwarta a wata uwa duniya.

Wata Lahadi, cikin shuuu da ƙaraf-ƙaraf, suka tsinci 'yan kalmomi daga Ankara: mako mai zuwa shirin duka na mai garayar nan ne, za a kuma ba da tarihinsa. Daga nan ba su ƙara jin komai ba.

Makon nan Maje bai ji daɗin tuwo ba. Ya samo gora ya gwada warware yaɗon daga wayar, reshe ɗaya ya ƙarye, ya ajiye gorar yana salati kamar ya taka jariri. Wata safiya har ya ɗauko lauje ya tsaya a gindin shukar. Sai ya hangi ɗan da ta ɗaura, bai fi dunƙulen hannu ba, yana reto a cikin ganye. Ya mayar da laujen ya rataye.

Ranar Lahadin aka yi ruwa da azahar, ganye ya jiƙe sharkaf. Callistus ya murɗa allura gaba, ya murɗa baya, babu ko tari. Lokacin shirin ya yi. Cikin fushi ya fito ya bi wayar da ido don ya ga ko ta tsinke, sai ya tsaya baki buɗe.

"Baba! Wa ya ɗora wannan a kan waya?"

"Ni ne."

"Ai shi ke shanye muryar! Ganye mai ruwa, ga gindinsa a ƙasa. Duk abin da waya ta kamo, nan yake bi ya zube."

"Na sani, Kalisto. Na daɗe da sani."

Callistus ya dubi matarsa. Maje ya matsa ya tsaya tsakaninsu da shukar.

"Ba mai taɓa ta. Ta ɗaura ɗa. A lambun nan ba a yanka uwar iri, ubana bai yi ba, ni ma ba zan fara ba. In Allah ya nufa in ji labarin Muntaka, zan ji wata rana."

Clementina ta daɗe tana kallon ɗan da ke reto. Sannan ta shiga bukka ta fito da lauje.

"'Yata, ajiye."

"Baba, matsa. Ni na san inda mamana take, in na shiga jirgi zan same ta. Kai fa, ka san inda yayanka yake?"

Maje bai matsa ba. Ta kewaye shi ta durƙusa, ta yanke shukar daga gindi da sara ɗaya. Ya kau da kai, don bai iya kallo ba. Callistus ya kama yaɗon yana ja yana yagewa, ganye na zubo musu a ka, ita ma ta sa hannu tana ja tana share ido da gefen zani.

Sai ga garaya ta cika lambun tangaran, kamar mai kiɗan yana zaune a bakin rijiya. Ta ja sama, ta dakata, ta zubo. Bayan ta sai murya, ta tsufa ta dushe, amma ta Muntaka ce. Maje ya durƙusa a gaban akwatin ya dafa ƙasa da hannu biyu. Farin cikin da ya kama shi har tsoro ya ba shi.

Kiɗan ya lafa, mai gabatarwa ya shigo.

"Jama'a, wannan kiɗan marigayi Muntaka ne, wanda Allah ya yi wa rasuwa a zangon Kumasi da azumin bara. Ya yi yawancin rayuwarsa a cikinmu, amma har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa amsa wani suna ba sai Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi. Allah ya jiƙansa."

"Amin," in ji Maje. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Clementina ta ɗora hannu a ka. Garayar ta sake tashi, Callistus ya miƙa hannu a hankali zai kashe, don a ganinsa ba a kiɗa a gidan makoki. Maje ya riƙe masa wuyan hannu, hawaye na bin gemunsa.

"Bar shi, Kalisto. An taɓa katse masa kiɗa a wurin nan. Ƙara masa murya, yau sai ya kai ƙarshe."