Zanar Malam Sada

Na ce, "Ba zan cire zanar ba, Alhaji."

Alhaji Maharazu, wanda ya ɗauki nauyin fim ɗin, ya zare tabarau. "Ke 'yar jami'a, a wace sinima ake kashe mutum a ɓoye? Ga jinin wasa mun sayo har jarka!"

"A mayar wa mai shago."

Wasan da za mu mayar fim na mahaifina ne, marigayi Malam Sada. Labarin wa da ƙane ne da suka yi rigima kan iyakar gona, ƙanen ya sare wansa da gatari, kuma da waƙa ake yinsa tun daga farko. Duk kaka, in an gama cirar auduga, ake kafa shi a filin ƙauyenmu kusa da Dayi. Muna yara mukan hau amalanke don mu hango. Baba Job ne ke fitowa a ƙanen. In ya ja baitin gatari, har masu tuyar ƙosai sukan bar kasko.

Amma ba a taɓa nuna saran ba. Su biyun sukan shige bayan zana, kalangu ya ɗauke, sai mata su ɗauki waƙar makoki. Abin ya taɓa faruwa a garin, kuma jikokin wanda ya yi saran da na wanda aka sara tabarma ɗaya suke zama kallo.

Na yi wa Alhaji wannan bayani. Ya ce mutanen birni ba su san jikokin kowa ba.

Baba Job ya ja ni gefe, yana tari. "Shafa'atu, 'yar nan, taurin kan ubanki kika kwaso. Ki bari in sare shi mana! Sau ɗaya nake so in ga kaina a majigi, ko da haƙoran nan biyu."

Na yi dariya, amma ban sauko ba. Kafin la'asar Alhaji da ma'aikatansa sun naɗe wayoyinsu sun kama hanyar Funtua.

Shekara uku ina yawo da wasan ofis-ofis. A Kaduna aka ce in sa rawa a lambu. Wani ya ce in koma aikin koyarwa, na kuwa koma, don ci da kai. Har yau ina kan bakana.

Baba Job ya rasu da daminar bara. Bai ga kansa a majigi ba, kuma ba wanda ya naɗi muryarsa. Ni na hana shi.